Kurakuran da sabbin ma'aikata ke yi in an kawo masu rauni daga fagen daga

Na gaji da maimaita magana ɗaya duk sanda aka turo mana sabbin nas-nas da yaran sashen lafiya na soja, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sassauta tonike, wato ɗaurin da ake yi wa hannu ko ƙafa don tsayar da jini. An ɗaure wa mutum cinya don jini ya tsaya, yana ta ihu don abin akwai azaba, sai wani mai tausayi ya ce bari in ɗan sassauta masa ya huta. Wane hutu? An taɓa kawo mana wani yaro soja a bayan Hilux, tafiyar ko awa ɗaya ba ta kai ba, abokinsa ya sassauta masa sau biyu a hanya, da muka ɗaga bargon sai ga jini ya kwanta a ƙasan motar har ya fara daskarewa. Kafin mu kai shi tiyata rai ya yi halinsa. Kuma ni na koya wa abokin nan ɗaurin da hannuna, amma ban taɓa ce masa kar ya kwance ba, wallahi har yau abin na cina. Ku ɗaura kamar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ban da kan gwiwa, ku murɗa sai jini ya tsaya cak. Ni a goshin mai raunin nake rubuta lokacin ɗaurin da alƙalamin maka, don takarda ɓacewa take yi. Ƙasa da awa 2 galibi ƙafa na jurewa, kwancewa kuma aikin likita ne.

Sai bin mai ihu. Haba jama'a! Wanda ke kwarma ihu yana numfashi, wancan da ya yi shiru a lungu, leɓe ya yi fari, hannu sanyi ƙalau, shi ne ke tafiya. Kuma in bam ya tashi a gari waɗanda ke fara isowa a Keke Napep masu ƙaramin rauni ne, masu tsanani na baya, kun cika gadaje da na farko to ina za ku sa su? Mutum ɗaya ya tsaya a ƙofa yana raba masu rauni gwargwadon tsanani: ja na gaggawa, rawaya masu iya ɗan jira, kore masu ƙaramin rauni, baƙi waɗanda suka rasu ko ba a sa ran za su rayu, kar ya taɓa ɗinki ko ɗaya. Duk mai iya takawa da ƙafarsa ni can gindin bishiya nake tura shi.

Ku daina ɗura wa mai zubar jini leda-leda na ƙarin ruwa, jini yake so, ruwan tsinka masa jinin yake yi. Ku lulluɓe shi ko da zafin Maiduguri ne, in jiki ya yi sanyi jini ba ya daskarewa. Allurar tranexamic acid, mai rage zubar jini, cikin awa 3 da jin raunin ake yi, bayan nan ba ta da amfani.

Lambobin masu ba da jini tun yanzu ake tarawa, wanda ya ga yadda aka yi ta cigiyar jini ranar harin babban masallacin Kano a 2014 ba sai an faɗa masa ba. Dizal ɗin janareta da silindar oksijin ni duk safiya nake dubawa da kaina, ban yarda da "akwai, oga" ba.

Sojan da aka kawo kuma a karɓe bindigarsa a laluba aljihunsa kafin ya shiga ciki, mun taɓa tsintar gurneti a wandon da muka yanke da almakashi.