Lokacin Kaka a Kanada: Ɗumin Gida da Godiya, Shawara ga Sababbin Zuwa

Yawancin 'yan'uwanmu da ke zuwa Kanada domin karatu ko zama da iyali suna sauka ne a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, lokacin da makarantu ke shirin buɗewa. Wanda ya sauka a Toronto ko Otawa a wannan tsakani yakan tarar da rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 8 na yamma, mutane suna yawo da riguna marasa nauyi, sai ya ce a ransa ashe sanyin da aka yi ta ba shi tsoro da shi bai kai yadda ake faɗa ba. Kafin makonni shida su cika wannan zato yake warwarewa.

Kaka a wurinmu lokacin sakin jiki ne, domin an yanke gero, dawa ta nuna, rumbu ya cika, kuɗi ya shigo hannun manomi, ana ta ɗaurin aure. A nan ma lokacin girbi ne, za ku ga tuffa da kabewa da masara jibge a bakin gonaki, sai dai kuma sanarwa ce cewa ƙasa na shirin rufewa har wata biyar ko fiye. Yayin da yini ke gajarcewa, bishiyoyi suna daina yin sinadarin da ke sa ganye ya zama kore, sai launin rawaya da ke ɓoye ya fito, bishiyar mapul kuwa, wadda ganyenta ke jikin tutar ƙasar, ta rikiɗe ta koma ja kamar an zuba mata garura. A kudancin Ontariyo, lardin da Toronto da Otawa suke ciki, abin ya fi kyau daga farkon Oktoba zuwa tsakiyarsa, kuma iska ɗaya mai ƙarfi ta isa ta kakkaɓe shi. Ina ba ku shawara ku ware rana guda ku fita da yara wurin shaƙatawa na unguwa mafi kusa, ko da aiki ya yi yawa, domin ba a biyan ko kwabo, kuma abin da idon yaro ya gani a shekararsa ta farko yana daɗewa tare da shi.

Abin da ya fi girgiza sabon zuwa shi ne duhu. A Kano ko Damagaram, Magariba ba ta yin nisa da ƙarfe 6 zuwa 7 duk shekara, har mutum ba ya bukatar duba agogo. A nan kuwa, a Lahadin farko ta Nuwamba yawancin larduna suna mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai a wayi gari rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5 a Toronto, kuma zuwa Disamba Azahar da La'asar da Magariba duk suna shigowa mutum yana wurin aiki ko a aji. Ku karɓi jadawalin salla na masallacin unguwarku tun da wuri, ku kuma yi magana da shugaban aikinku kafin lokacin ya ƙure, domin da sanyin safiya ake kama fara. Raunin ranar yana da wani tasiri a jiki ma: daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen hunturu fata ba ta samun hasken da zai ishe ta haɗa bitamin D, kuma mu masu baƙar fata abin ya fi shafarmu. Hukumar lafiya ta ƙasar ta ba da shawarar a riƙa ɗiga wa jaririn da ke shan nono ma'auni 400 na wannan bitamin kullum, manya kuwa su tambayi likita ko mai kantin magani. Allurar rigakafin mura ma a wannan lokaci ake yin ta, kyauta ce a Ontariyo.

Maganar ɗumin gida ita ce ta fi bukatar natsuwa. Kafin ku sa hannu a takardar haya ku tambaya ko kuɗin ɗumama gida yana cikin kuɗin hayar, domin idan ba ya ciki, takardar wuta ko ta gas a watan Janairu na iya ninka ta Satumba. A Ontariyo doka ta wajabta wa mai gidan da ɗumamawa ke hannunsa ya tabbatar ɗumin ɗaki bai gaza digiri 20 ba daga 1 ga Satumba zuwa 15 ga Yuni, wasu birane kuma suna da tasu ƙa'idar, kamar Toronto da ta sa digiri 21. Idan gida ya yi sanyi, ku rubuta wa mai gida saƙo, kada kunya ta sa ku zauna kuna karkarwa cikin bargo. Abin da ba a yi ko kusa shi ne hura gawayi a cikin ɗaki domin jin ɗumi, ko barin murhun gas a kunne. Mun saba da kaskon wuta a hunturu, amma ɗakunanmu na gida iska tana ratsa su ta ƙarƙashin ƙofa da jikin taga, su kuwa gidajen nan a toshe suke ruf, kuma gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da launi ba ta da wari, mutum yakan ji ciwon kai da jiri ne kawai, ya kwanta barci bai sake tashi ba. Saboda haka ne ake sa na'urar da ke shinshino wannan guba kusa da ɗakunan barci. Ku tabbatar tana nan kuma tana aiki.

Ni kaina turaren wuta ne ya koya mini darasi. A Oktobarmu ta farko muna zaune a hawa na shida na wani dogon bene, ranar wata Juma'a da daddare mai ɗakina ta gama gyaran gida, ta gasa ɗan gawayi a kan murhu, ta zuba turaren da mahaifiyarta ta ƙulla mata a kwalba. Ba a yi minti uku ba na'urar hayaƙi ta falo ta fara ihu. Cikin ruɗewa na buɗe ƙofar da ke fita baranda ta cikin bene domin hayaƙin ya fice, ashe nan ne kuskuren yake, domin na'urar barandar a haɗe take da ƙararrawar ginin gaba ɗaya. Haka mutane suka yi ta saukowa ta matakala, wasu da jarirai a naɗe cikin tawul, muka tsaya a waje cikin iska har motar kashe gobara ta zo ta duba ta tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba. Daga baya muka sayi ɗan kasko mai amfani da lantarki, muka koyi zuba turare kaɗan tare da buɗe taga, kuma ba mu taɓa cire batirin na'urar ko rufe ta da leda ba, domin laifi ne a doka, kuma wanda ya yi hakan da ransa yake wasa. Abin da ya rage mini a zuciya shi ne wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda washegari ta ƙwanƙwasa ƙofa, ni ina zaton faɗa ta zo yi, sai ta ce ƙamshin ne ya burge ta, tana so ta san ko mene ne. Aka ɗebar mata a ƙaramar kwalba, daga nan zumunci ya ƙullu.

Iskar ɗumama gida tana busar da fata da hanci kamar hunturun Sakkwato, don haka man kaɗanya da ɗan injin da ke fesa tururi a ɗakin barci suna da amfani. Rigar sanyi da takalmin ƙanƙara na yara a saye su tun Oktoba, kuma babu abin kunya a shagunan gwanjo, 'yan ƙasa ma can suke zuwa.

A kicin ne kaka take zama tamu. Daga ƙarshen Satumba za ku ga manyan kabewa jajaye a ƙofar kowane kanti, amma waɗannan na ado ne, ana fafe su domin bikin yara na 31 ga Oktoba, ruwa da zare sun yi musu yawa, miya ba ta yin daɗi da su. Wadda ake so domin miyan taushe ita ce ƙarama mai nauyi a hannu, ko kuma mai dogon wuya mai siffar gora, wadda cikinta yake jawur kuma take narkewa ta yi kauri. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba tana maye gurbin ta daka, muddin kun karanta jikinta kun tabbatar babu sukari a ciki, ita ce kuma ake dama kunun gyaɗa da ita. Shagunan Indiyawa suna sayar da gero da sunan bajra, dawa da sunan jowar, yakuwa da sunan gongura, ga tsamiya da citta da kanumfari, zoɓo kuwa yana shagunan mutanen Karebiyan. Daddawa da kuka sai shagunan 'yan Afirka, da ɗan tsada. Ranar da aka fara ɗora tukunyar taushe a gidanmu, tururi ya rufe gilashin taga, yara suna zana sunayensu da yatsa a jiki, ana ruwa a waje, a ranar ne na fara jin cewa wurin nan gida ne. Sai dai a riƙa kunna fankar da ke saman murhu, domin tururin da ya daɗe a ɗaki yana jawo fumfuna a bango.

A Litinin ta biyu ta Oktoba ake hutun Ranar Godiya, wadda suke kira Thanksgiving. A shekarar 1957 aka tsayar da ita a wannan rana, ta Amurka kuwa sai Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. Asalinta godiya ce kan amfanin gona, kuma a yau ga yawancin mutane taron dangi ne a kan gasasshen talotalo da dankali da wainar kabewa. Manyan shaguna da yawa suna rufewa, saboda haka a yi cefane tun Asabar. Mutane sun sha bamban kan halartar irin wannan taro, kowa da abin da malaminsa ya faɗa masa, ni dai ban ga aibu ba ga amsa gayyatar maƙwabci zuwa cin abinci. Idan aka gayyace ku, ku faɗa tun da wuri cewa ba ku cin naman alade ba ku shan giya, za su ji daɗin sani, ku isa a kan lokaci, ku riƙe wani abu a hannu ko da dambun shinkafa ne, ku cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda muke yi. A wasu gidaje ana zagayawa kowa ya faɗi abin da yake godiya a kansa a shekarar, don haka ku tanadi jimla ɗaya ko biyu.

Godiyarmu da tasu ba hanya ɗaya suke bi ba, kuma nan ne ake samun rashin fahimta. Bahaushe idan aka yi masa alheri yakan koma washegari ya sake godiya, ya gaya wa mahaifinsa da amininsa su taya shi, ya haɗa da addu'a, kuma ba ya mayar da kwano babu komai a ciki. Mutanen nan tasu gajera ce kuma nan take: kalma ɗaya ga direban bas, ga wanda ya riƙe maka ƙofa, ga mai karɓar kuɗi a kanti, sai kuma ɗan kati ko saƙon waya bayan an ci abincin wani. Yaronmu da aka tarbiyyantar ya sunkuyar da kai ya yi shiru idan babba ya ba shi abu, malamarsa na iya ɗauka bai yaba ba ne, saboda haka a koya masa ya ɗaga kai ya furta. Amma ban ga dalilin da zai sa mu bar tamu ba. Hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma na ga yadda fuskar maƙwabcin da ya taya ni kwashe ganye ta sauya da aka aika masa da masa mai zafi bayan kwana biyu. A wannan wata ne kuma makarantu da masallatai suke tara abincin gwangwani da shinkafa domin rumbunan tallafi. Wanda yake da hali ya ba yaro ya kai da hannunsa, wanda kuma shekarar farko ta matse shi ya je ya karɓa, don irinsa aka tara, kiran lamba 211 zai nuna masa mafi kusa.

Daren 31 ga Oktoba yara kan zaga gida gida cikin shigar ban tsoro suna karɓar alewa. Idan ba ku sha'awa, ku kashe fitilar ƙofar gida, ba wanda zai ƙwanƙwasa, ba wanda zai ji haushi.

Wadda kaka ta fi yi wa nauyi ita ce uwar da ke wuni a gida da ƙananan yara, maigida ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga, ba mai talla, ba kiran salla. Kada a ce mata ta gode wa Allah kawai a wuce, kamar kewar gida butulci ce, domin mutum yana iya yin hamdala da gaske kuma yana kuka da gaske. Ɗakunan karatu na unguwa suna da ɗumi kuma kyauta ne, a Ontariyo akwai cibiyoyin EarlyON inda iyaye ke zuwa da yara tun daga jarirai har zuwa 'yan shekara shida ba tare da biyan kuɗi ba, kuma idan ƙunci da yawan barci suka wuce makonni biyu, a ga likita, domin sun san wannan lalura ta ƙarancin haske sarai. A gidanmu tsayin dare ya dawo mana da abin da muka rasa tun muna Kaduna: bayan Isha'i ana kashe talabijin, a zauna a kan darduma da shayi mai citta, a yi wa yara tatsuniya da Hausa, kowa ya faɗi abu ɗaya mai daɗi da ya same shi a yinin. Ƙaramarmu ta taɓa cewa ita safarta ce ba ta jiƙe ba, muka yi dariya, amma duk wanda ya tsaya jiran bas a Nuwamba ya san abin da take nufi. Ku tuna kuma cewa bayan an mayar da agogo, tazarar Toronto da Najeriya da Nijar tana tashi daga awa 5 zuwa awa 6, don haka kiran da kuka saba yi wa Hajiya bayan an tashi daga aiki zai same ta ta riga ta kwanta, gara a mayar da shi safiyar Asabar, lokacin da yara suke gida su ma su gaishe ta.