Yadda ake koyon rera tsofaffin waƙoƙin jaz na zamanin suwin

Ranar da na fara hawa dandali da waƙar jaz, a wani otal ne, mai fiyano ya ɗago kai ya ce, "A wane ki?" Wato a wane matakin sauti, sama ko ƙasa, zan ɗauki waƙar. Na ce masa yadda Ella Fitzgerald, shahararriyar mawaƙiyar jaz ta Amurka, ta rera ta. Bai ce uffan ba, ya sa hannu. Kafin mu kai tsakiya muryata ta maƙale a sama kamar ta zakaran da aka riƙe wa wuya. Da aka tashi dattijon ya kira ni gefe ya ce, "Yaro, waƙar nan ba ta Ella ba ce, ita ma ara ta yi. Je ka nemo taka muryar ka dawo."

Waƙoƙin da nake magana a kai yawancinsu an rubuta su ne a Amurka tsakanin shekarun 1920 da 1940, don wasannin dandali da finafinai. Irin su George Gershwin da Cole Porter da Irving Berlin da Duke Ellington ne suka tsara su, manyan ƙungiyoyin makaɗa kuma suka mayar da su kiɗan rawa daga wajen 1935 zuwa ƙarshen yaƙin duniya na biyu, wato zamanin suwin. Yau ga su sun dawo bakin matasa. Samara Joy, haifaffiyar 1999, da irin waɗannan waƙoƙi ta ci kyautar Grammy ta sabuwar mawaƙiya a 2023. Kafin ita akwai Cécile McLorin Salvant, kuma a 2014 Tony Bennett da Lady Gaga sun yi faifai guda na irin waɗannan waƙoƙi tare, kamar tsoho da jika.

Ka zaɓi waƙa ɗaya tak, ka saurare ta daga bakin mutum uku, misali Ella da Billie Holiday da wani na yanzu. Inda duk ukun suka yi daidai, nan ne ƙashin bayan waƙar. Inda suka saɓa, kwalliyar kowa ce, kada ka taɓa ta tukuna. Wanda ya haddace daga murya ɗaya har tarin mai ita zai kwaikwaya.

Sannan ka rubuta baitocin da hannunka, ka karanta su da ƙarfi ba rerawa, kamar kana faɗa wa wani a zaure. Turanci ne, kuma na da, don haka duk kalmar da ta shige maka duhu ka nemi ma'anarta. Na taɓa shafe watanni ina rera wata waƙar rabuwa da fara'a har kunne, ban san kuka mai ita yake yi ba.

Yanzu ƙirga, kuma nan ne aikin yake. In ka ce ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka cika gida ɗaya. Da yawa daga waƙoƙin nan gida 32 ne, an kasa su takwas-takwas: kashi na farko, a maimaita shi, sai wani kashi dabam da makaɗa ke kira gada, sannan a koma na farko. "I Got Rhythm" ta Gershwin, ta 1930, kusan a kan wannan tsari take. Dole ka iya ƙirga gidajen a ranka, domin bayan ka rera zagaye ɗaya za ka yi shiru mai ƙaho ko mai fiyano ya yi nasa, kuma ba wanda zai taɓo ka ya ce shigo. In ka ɓace, ka saurari gadar. Da ta wuce, saura gida takwas.

Tafi kuma a kan biyu da huɗu ake yin sa. Ka sa faifan Count Basie, shugaban wata ƙungiyar makaɗan suwin, ka bar ɗaya da uku su wuce, ka ƙyasta yatsa a biyu da huɗu. Mako na farko hannunka zai riƙa zamewa ya koma ɗaya, ka yi haƙuri da shi. Ni a mota na koya, ina buga sitiyari a cikin cunkoso. Shi suwin ɗin kansa kuwa, kowane bugu ana raba shi biyu, na farko dogo na biyu gajere, kusan kashi biyu da kashi ɗaya cikin uku, in kiɗan ya yi sauri sai su kusa daidaita. A nan Bahaushe yana da sa'a. Kunnen da ke rarrabe garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo ya riga ya san doguwar gaɓa da gajeriya.

Batun ki ba shi da wuya, da na sani tun farko. Ka nemo wurin da waƙar ta fi yin sama da inda ta fi yin ƙasa, ka sa mai fiyano ya riƙa saukar da ita ko ɗaga ta har dukansu biyu su zauna a muryarka ba da yunƙuri ba. Ka rubuta kin a takarda.

Numfashi: mawaƙi Frank Sinatra ya yi aiki da ƙungiyar Tommy Dorsey daga 1940 zuwa 1942, kuma ya sha faɗin cewa daga yadda Dorsey ke busa dogon layi da ƙahonsa na tirombon ba a ga ya ja iska ba ya koyi nasa. Ka ɗauki fensir ka yi alama a takardar baitocin inda za ka shaƙa. Ƙa'idata ita ce, inda ba za ka tsaya ba in magana kake yi, kada ka tsaya a waƙa.

Kwalliya ita ce ta ƙarshe, kodayake ita kowa ke ɗoki. Billie Holiday takan bar kiɗan ya ɗan wuce ta, ta biyo shi a baya kamar mai jan ƙafa, amma ta san inda ɗaya yake ko da an tashe ta daga barci. In ba ka sani ba ka gwada, latti kawai ka yi. Ka fara da sauya wuri ɗaya a zagaye na biyu. Rerawar nan ta gaɓoɓi marasa ma'ana da Ella ta shahara da ita, ka ba ta shekara guda tukuna. Ka kuma riƙa ɗaukar kanka a waya, ba na'urar gyaran murya irin ta situdiyo, domin ɗan zamewar nan daga sauti zuwa sauti da na'urar ke gogewa shi ake nema.

Ranar da za ka hau, abu huɗu za ka gaya wa makaɗa: sunan waƙar, kinka, gida nawa za su kaɗa kafin ka shigo, da yadda za a rufe. Saurin kuma kai za ka ba su da ƙyasta yatsa, amma ka fara rera layin farko a zuci, domin mai tsoro kullum da sauri yake ƙirgawa. Da na koma wurin dattijon nan bayan wata biyu na faɗa masa nawa kin, mataki huɗu ƙasa da wancan, sai ya gyara zama ya ce, "To, ƙirga mana."