Shawara ga masu koyon Rashanci: ku riƙe kalmar "perst"

Ku haddace tsohuwar kalmar nan "perst", wadda ke nufin yatsa, domin za ta rage muku wahalar buɗe ƙamus. Gadon tsohon harshen Silabawa ce, wato harshen da Rashanci ya samo asali daga gare shi, kuma har yau "prst" ake cewa a harshen Cek da na Sabiya.

Rashawa sun maye gurbinta da "palets", amma ta bar 'ya'ya: "persten" zobe ne, "perchatka" safar hannu, "napyorstok" kuwa ƙarfen da tela ke sawa a yatsa don kada allura ta soke shi.

Sai dai dabarar tana da iyaka. "Napersnik", wato amini, daga "persi" ta fito, ma'ana ƙirji. Kuma kada ku gaya wa likita cewa "perst" ɗinku na ciwo, domin yawanci a waƙoƙi da littattafan coci ake samun ta yanzu.