Darasi na Tara: Duba Tsohon Kwalekwale Mai Inji Kafin Ka Saya

Kwalekwalen gudu, wanda ake ɗaura wa inji a baya, yana iya shekara talatin yana aiki in an kula da shi. Wani kuwa za ka gan shi yana sheƙi, an shafe shi da sabon fenti, alhali cikinsa ya gama ruɓewa. Mafi yawan irin waɗannan jirage da fiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, ake yin jikinsu. Fiba ba ta ruɓewa, amma maƙera sukan sa katako a cikinta don ƙarfi, a bangon baya da daɓe da haƙarƙarin da ke ƙarƙashin daɓen. Wannan katako da ido ba ya gani shi ne abin da za ka je nema.

Ka tafi da rana, jirgin yana kan tudu. Riƙe tocila, da ƙaramar guduma, da biro da takarda. In da hali ka tafi da bakanike wanda ya san injin ruwa.

Fara da karanta lamba

Kada ka dogara da shekarun da mai sayarwa ya faɗa maka. Jiragen da aka ƙera a Amurka, ko aka shigar da su can, tun daga ƙarshen 1972 suna ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 12. Tana a bangon baya ta waje, sama-sama, ɓangaren dama. Na Turai sukan ƙara haruffa biyu a gaba, masu nuna ƙasa.

Ga misali don koyo: ABC12345D888. Haruffa uku na farko alamar kamfani ce. Biyar da ke biye lambar jirgin ce shi kaɗai. Harafin D watan da aka ƙera jirgin ne: A Janairu, B Fabrairu, haka har L, wato Disamba, don haka D Afrilu ke nan. Alƙalamin 8 da ke bin D shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, alƙaluma biyu na ƙarshe kuma su ne shekarar samfurin, a nan 1988. Wannan tsari ya fara aiki a 1984.

Kwafi lambar a takardarka harafi bayan harafi, ka gwada ta da wadda ke cikin takardun jirgin. Haka za ka yi da lambar injin. In an kankare lamba, ko ta saɓa da takarda, ka bar cinikin nan take, domin jirgin yana iya zama na sata.

Bangon baya

Nan za ka fi daɗewa. Bangon baya shi ke ɗauke da nauyin inji da duk ƙarfin turinsa. Ruwa yakan shiga ta ramukan notuna, ya jiƙa katakon ciki a hankali, shekara da shekaru, ba wanda ya sani.

Ɗaga injin sama, ka kama ƙafarsa ta ƙasa, ka danna da ƙarfi ka saki. Idonka yana kan bangon. In ya lanƙwasa ko ya motsa, ko da kaɗan ne, katakon ya mutu. Sai ka bi bangon da guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali. Wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, ƙwas-ƙwas. Wurin da ya sha ruwa kuwa sai ka ji bus-bus, kamar ka bugi jiƙaƙƙen buhu. Duba gindin kowane noti. Ruwa mai launin ƙasa-ƙasa da ya gangaro ya bushe, ko zoben ƙarfen gindin noti da ya nutse cikin fiba, duk shaida ce. In ka ga an ɗaura faffaɗan ƙarfe a bangon, ka tambaya me ake ɓoyewa.

Ana gyara ruɓaɓɓen bango, amma sai an sauke inji an yanke fiba an sake gini. Sau da yawa kuɗin aikin yakan fi darajar jirgin. Ni dai ba na ba sabon shiga shawarar ya ɗauki wannan wahala.

Shiga ciki ka taka kowane lungu na daɓen da dugaduganka, musamman gindin kujeru. Inda ya lotsa, akwai ruɓa a ƙasa. Buɗe duk murfin da ke buɗuwa, ka haska, ka shinshina. Warin fetur a ciki haɗari ne babba, tanki ko tiyo na yoyo. A waje kuma, ƙananan tsagogi a fenti ba su cika zama matsala ba, amma doguwar tsaga mai zurfi a ƙasan jirgi, ko faci mai faɗi, sai an bincika.

Inji

Ka roƙi mai shi kada ya tayar da injin kafin ka iso. Taɓa shi da hannu. In ka ji ɗumi, an riga an ɗumama shi, mai yiwuwa don yana wuyar tashi da sanyi. Kada a tayar da shi ba ruwa ko na minti ɗaya, domin robar famfon da ke sanyaya shi tana ƙonewa nan da nan. Da ya tashi, ka nemi siririn ruwan da yake fesowa ta baya. In babu, a kashe.

Bakanike ya cire filogi ya auna matsin kowace silinda da ma'auni. Abin nema shi ne lambobin su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Ya kuma kwance notin man giya da ke ƙafar injin, ya ɗiga kaɗan. Man da ya yi fari-fari ya gauraya da ruwa. Ɓarɓashin ƙarfe a cikinsa kuwa giya ce ke cin kanta. Juya farfela da hannu ka ga ko sandarta ta karkace.

Tambayi samun kayan gyara tun yanzu. Yamaha da Mercury da Suzuki da Honda da Tohatsu duk suna ƙera injuna har yau. Evinrude kuwa an daina yin sa a 2020. Duba kuma allon da ke kusa da sitiyari, in yana nan: yana faɗin yawan mutanen da jirgin zai ɗauka da iyakar ƙarfin injin da ya dace da shi. Injin da ya wuce wannan iyaka yana iya kifar da jirgi.

A kan ruwa

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka biya sai an sa jirgin a ruwa kana ciki, kowa sanye da rigar hana nutsewa. Sa giyar gaba, sa ta baya, ka saurara. Juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, kada ya cije. Ba shi wuta: ya kamata ya ɗaga ya hau saman ruwa ba da jan jiki ba. In inji lafiya lau amma jirgin ya yi nauyi, wataƙila soson hana nutsewa da maƙera ke cusawa ƙarƙashin daɓe ya sha ruwa. Ku yi kamar rabin awa, don wasu matsalolin ba sa fitowa sai inji ya yi zafi.

Da an fito da shi kan tudu, ka tsaya da kanka a cire toshiyar da ke ƙasan bangon baya. Ɗan ruwa kaɗan ba komai. In ya yi ta zuba, akwai inda yake shiga, kuma sai an gano wurin kafin a yi maganar kuɗi.