Darasi na Bakwai: Yadda Ake Rainon Kiristal na YBCO

'Yan'uwa, ku dubi haruffan nan huɗu: Y, B, C, O. Y itiriyam ne, B bariyam, C tagulla, dukkansu nau'o'in ƙarfe, O kuma iskar oksijin. A 1987 ne masana irin su Wu da Chu suka gano a Amurka cewa in an sanyaya wannan haɗi zuwa wajen digiri 180 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wutar lantarki na ratsa shi ba tare da turjiya ba. Kafin 1986 kuwa, sai an kai wajen digiri 250 ƙasa da sifili kafin a samu abin da ke yin haka.

Mataki na farko

Ku sa safar hannu, ku rufe hanci, domin garin bariyam guba ne. Ku auna garin itiriyam, da na bariyam, da na tagulla, ba zallan ƙarfen ba, wanda ya riga ya haɗu da oksijin. Na bariyam da na tagulla su yi rinjaye sosai, su ne za su narke, kiristal ya tsiro a cikinsu. Ku niƙa a ƙaramin turmi har launin ya zama ɗaya.

Mataki na biyu

Ku zuba a kasko mai jure wuta, ku sa a tanderu, zafi ya kai wajen digiri 1000.

Yanzu ku natsu, nan ne ake faɗuwa. Za a rage zafin da digiri ɗaya kacal a kowace awa. Digiri ɗaya, awa ɗaya. Ku rubuta a littafinku, ku karanta da ƙarfi. Sauke digiri 100 na cin awa 100, wato kwana huɗu da 'yan awoyi. Kiristal na girma ne sannu a hankali, ƙwayoyin zarra suna jeruwa layi bisa layi. In kun gaggauta, dunƙulen baƙin dutse za ku tarar. Wanda ya kuskure kada ya karaya, ya sake.

Amma wallahi na gaji da ganin mutum ya buɗe tanderu a kwana na biyu wai yana leƙawa. Me kake nema? Iska mai sanyi ta shiga, aikin mako ya tashi a banza. Digiri ɗaya, awa ɗaya, ƙofa a rufe! In kun yi haƙuri, za ku ga 'yan falle-falle baƙaƙe masu sheƙi, faɗinsu 'yan milimita, su ne kiristal ɗin.

Mataki na uku

Ku mayar da su tanderu a wajen digiri 450, oksijin na bi ta kansu kwanaki da dama. In oksijin bai ishe su ba, ba za su yi aiki ba.

Mataki na huɗu

Ku tsoma ɗaya a ruwan naitirojin, wato iskar naitirojin da tsananin sanyi ya mayar ruwa, ban da taɓawa da hannu. Ku kusanto da ƙaramin maganaɗisu, ku ga ko kiristal ɗin zai ture shi, domin wannan ce alamar yana aiki.