In lokotoro yace maka kumburin hanji ne mai dadewa, ga yadda zaka zauna dashi

Ni sai da na dade ina shan maganin atuni da jike-jiken basir kafin a zura min kyamara ta kasa a ga hanjin ya kumbura yana zubda jini. Ranar da na fito da takardar a hannu ko kabu-kabu kasa tsayarwa nayi. To in kaima yanzu aka fada maka, zauna muyi magana.

Da farko ka tambayi sunan ciwon a rubuta maka, dan iri biyu ne. Akwai Crohn, shi ko ina yana iya kamawa tun daga baki har dubura, akwai kuma wanda a takardarmu ta faransanci ake rubutawa RCH, shi babban hanji kadai yake ci. Kuma ka tabbatar anyi analiz na bayan gida an duba amiba, an kuma duba tarin fuka na hanji, saboda a nan wajenmu suna kama da juna sosai amma maganinsu daban ne.

Ba'a daukarsa wajen wani. Ku ci kwano daya da iyalinka, ba sammu bane ba kuma maita ba, garkuwar jikinka ce ta juya tana fada da hanjinka.

Inda mutane suke faduwa shine maganin. Ciwon nan tashi yake ya kwanta, sai kayi wata uku lafiya lau, jini ya tsaya, kudin farmasi kuma sun isheka, sai kace ai na warke ka ajiye mesalazine din, maganin da ke kwantar da kumburin, wallahi haka yake dawowa ya fi na da. Prednisone kuwa a hankali ake rage shi bisa yadda lokotoro ya tsara, ba'a yanke shi rana daya, hadari ne. Zai kumbura maka fuska har 'yan unguwa su rika cewa kai Malam kayi kiba, kyale su. Sannan dan Allah ibuprofen da diclofenac din nan na masu talla a Kasuwar Dole ka rabu dasu, suna tada ciwon. In kanka na ciwo paracetamol ya isa.

Abinci babu doka daya. Ni yajin kilishi da madara ke tada min hankali, wani kuma fura da nono bata masa komai. Ka samu dan littafi kana rubuta abin da kaci da yadda ka kwana. Lokacin da zawo ya tsananta ka koma kunu da shinkafa mai laushi, ka sha ruwan gishiri da sukari musamman cikin zafin Afrilu. Taba ka barta. Azumi kuma kuyi shawara da lokotoro tun cikin Sha'aban.

Aure da haihuwa duk ana yi, sai dai mace ta bari ciwon ya kwanta kafin daukar ciki, kuma mai shan methotrexate sam bata dauka sai an canza mata. Maganar ciwon daji (kansa) da take hana mutane barci, bayan kamar shekara 8 ake fara sake duba hanji lokaci lokaci, ka rike randebu dinka.

In jini ya yi yawa, ko zazzabi ya hadu da kumburin ciki, ko kana jiri in ka mike, kar ka jira gari ya waye, a kaika babban asibitin Damagaram da takardunka duka a leda.