In likita ya ce a yi maka gwajin daskarewar jini, ga yadda za ka bi

Ba kowa ake ma wannan gwajin ba fa. Wanda ake turawa shi ne wanda gudan jini ya toshe mashi jijiyar ƙafa ko ta huhu alhali yana matashi, ko abin ya maimaita, ko a gidansu akwai masu shi, sai kuma macen da ke yawan ɓari ba a gano dalili ba. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura yanzu tana zafi, ko numfashi na sarƙewa, wannan ba zancen lab ba ne, asibiti za ka nufa a ranar.

Ka fara da ganin likitan jini, a nan Katsina ka tambaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya, shi zai rubuta abin da za a duba, galibi furotin C, furotin S, antitirombin (sinadaran jiki da ke hana jini daskarewa), da ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira antifosfolifid. Akwai kuma wani ciwon gado mai suna Factor V Leiden, amma wannan Turawa ya fi kamawa, a baƙar fata da wuya a same shi, don haka kar ka matsa sai an yi maka.

Lokaci shi ne komai, nan mutane ke asarar kuɗi wallahi. A cikin magungunan tsinka jini, wafarin na rage furotin C da S, hefarin na rage antitirombin, juna biyu da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin su ma suna rage furotin S, to in aka ɗebi jininka a wannan halin sai sakamako ya nuna ciwon da babu. Ka kwashi duk magungunanka a leda ka nuna ma likita, amma dan Allah kar ka daina shan maganin tsinka jini da kanka don kawai za a yi gwaji.

Wurin ɗiba ka lura da kwalbar, galibi mai shuɗin murfi ce, kuma dole jinin ya kai layin da ke jikinta. Yayata an taɓa ɗibar mata rabi a wani lab, sai da ta dawo daga Daura aka sake, ga kuɗin mota ga wahala. Ka kuma tambaya ko a nan za a yi ko wani gari za a tura, ka ji ranar karɓa.

In antifosfolifid ɗin ya nuna akwai, ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai an sake bayan sati 12, to ka rubuta ranar a wayarka tun kafin ka bar wurin.